Tankin tacewa na ƙasa ga akwatin kifi mai lita 650: wa ya taɓa haɗawa?

Abu_Hanan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Na ba da aikin akwatin kifi na gilashi, tsawonsa santimita 180, faɗi 60, tsayi 60, wato dai kusan lita 650 idan ya cika. A falo zai zauna, kuma kifayen Tafkin Malawi nake son zubawa. Mai haɗa gilashin ya ce in yanke shawara kafin ya manne shi: ko dai a huda shi a yi masa samp, wannan ƙaramin tankin da ake sawa a ƙasa ruwa ya riƙa sauka cikinsa yana tacewa sannan inji ya mayar da shi sama, ko kuma in sayi filta kanista, wato rufaffen gwangwanin tace ruwa da ake ajiyewa a wajen akwatin, guda biyu. Abin da ke ba ni tsoro shi ne wuta. A unguwarmu sai a ɗauke sau da yawa a rana. Idan injin ya tsaya, ruwan sama ba zai zubo gaba ɗaya ya cika min falo ba? Kuma wane girman tanki da wane inji ya kamata?

Injiniya_Bash

Wa alaikumus salam. Alhaji, tambayar da ka yi kan zubowar ruwa idan injin ya tsaya ita ce ya kamata kowa a ƙasar nan ya fara da ita. Amsar ita ce a'a, ba zai zubo gaba ɗaya ba, matuƙar an haɗa shi daidai. Ruwa ba daga gindin akwatin yake fita ba, daga saman yake tsallake wani shamaki ya faɗa bututu. Da injin ya tsaya, ruwan zai ci gaba da sauka har ya kai bakin shamakin, daga nan ya tsaya. Inda matsalar take shi ne bututun da ke mayar da ruwa sama. Idan bakinsa yana nutse cikin ruwa, da wuta ta ɗauke sai ya juya ya riƙa zuƙo ruwa yana kai wa ƙasa, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo daga tankin mota, kuma ba zai daina ba sai bakin ya sha iska.

To ga lissafin naka. 180 sau 60 ya ba ka 10,800, ma'ana duk santimita ɗaya na zurfin akwatinka lita 10.8 ne. Idan bakin bututun yana santimita 5 ƙarƙashin ruwa, lita 54 za su sauko, ban da wanda ke cikin bututai. Idan tankin ƙasa ya zama 120 da 45, duk santimita ɗaya nasa lita 5.4 ne, don haka kana buƙatar fili na santimita 10 babu ruwa kawai don karɓar wannan. Ni zan ce ka bar 15. Kada ka taɓa cika tankin ƙasa har baki, rabinsa da ɗan ɗoriya ya isa.

DanKifi_Zariya

Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Kanista biyu manya sun isa lita 650. Babu huda gilashi, babu ƙarar ruwa, babu fargabar ambaliya. Ka jona, ka kunna, shi ke nan.

Maman_Ilham

DanKifi, a wajen da wuta ba ta yankewa maganarka daidai ce. Amma kanista gwangwani ne a rufe ruf, iska ba ta shiga. Ƙwayoyin bakteriyan da ke tace maka ruwa da iskar oksijin suke rayuwa, kuma ruwan da ke wucewa ne yake kawo musu ita. Idan wuta ta yini babu, ruwan ciki ya tsaya, iskar ta ƙare, dattin da ya taru ya fara ruɓewa. Da an kawo wuta sai injin ya turo wannan ruwan mai wari kai tsaye kan kifi. Na ga haka a gidan yayata: an buɗe murfin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin, sosunan ciki sun yi baƙi ƙirin. Tankin ƙasa kuwa a buɗe yake, ko inji ya tsaya samansa yana shan iska, kuma kana iya jefa masa ɗan injin iska mai batir. Wannan kaɗai ya isa ya sa in zaɓi samp.

DanKifi_Zariya

Hajiya na ji, amma mai inbata fa? Kanista ba ta cin wuta sosai. In yana da sola ai duk wannan bai taso ba.

Abu_Hanan

Ina da inbata, batir biyu ne, amma firij da fankoki suna kansa. Daren da babu wuta kafin asuba yakan yi ƙasa sosai.

Malam_Gilashi

Barka da war haka. Sana'ata ce yankan gilashi da haɗa shi, bari in faɗi nawa ɓangaren. Na farko, ka tambayi mai aikinka ko gilashin gasasshe ne, irin wanda idan ya fashe yake marmashewa ƙanana-ƙanana. Wannan ba a huda shi, da an sa masa baki zai tarwatse gaba ɗaya. Gilashi na yau da kullum ake hudawa, da abin huda mai bakin daimon, a hankali, ana zuba ruwa a wurin har a gama. Ga tsayin 60 da tsawon 180 kada ya yi ƙasa da milimita 12, kuma a sa masa madauri na gilashi ta sama don kada ya buɗe ciki.

Na biyu, ka fara sayo soket ɗin bututu, wato mahaɗin da za a ɗaura a ramin, kafin a huda, a auna a jikinsa. Mutane sukan ce "a huda min inci ɗaya", alhali soket na bututun inci ɗaya yana buƙatar rami da ya fi inci ɗaya nesa ba kusa ba. Kuma kada ramin ya matso gefen gilashi, a bar tazara aƙalla daidai da faɗin ramin. Robar soket ɗin ta zauna ta ɓangaren ruwa, a ɗaure da hannu, ba da sifana ba.

Na uku, silikon, wato abin manne gilashin. Kada a yi amfani da na banɗaki da kicin, wanda aka rubuta yana hana fumfuna. Maganin da ke cikinsa yana kashe kifi. A nemi tsantsa, mai warin tsami lokacin da ake shafawa, a bar shi ya bushe kamar mako guda kafin ya ga ruwa.

Sadiq_Kd

Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ma tambayata ke nan, nawa akwatin tuni an haɗa, ba a huda ba. Akwai wannan ɗan akwatin da ake ratayawa a baya yana zuƙo ruwa ta saman gilashi, zai yi?

Injiniya_Bash

Sadiq, yana aiki, amma ban so shi ga mai fama da ɗauke wuta. Shi da zuƙo yake rayuwa. Idan iska ta taru a lanƙwasar bututunsa zuƙon ya yanke, da an kawo wuta inji zai ci gaba da tura ruwa sama, babu mai saukowa, akwatin ya tumbatsa. Kai da ba ka da zaɓi sai ka riƙa duba shi kullum. Amma Alhaji da ba a manne nasa ba tukuna, ya huda kawai.

Baba_MaiTarwada

Yaran nan, ni tarwada nake kiwo ba kifin ado ba, amma abin da kuke kira samp mu ma shi muke yi a wajen ƙyanƙyasa, sai dai namu da durom ɗin roba. Ruwa ya fito daga kwandon kifi, ya shiga na farko datti ya kwanta, ya wuce na biyu mai cike da tsakin roba da ragar kamun kifi da aka dunƙule, sannan inji ya mayar. Abin da nake so ka riƙe, ɗana, shi ne ba dole sai gilashi ba. Duk mazubin roba mai kauri da aka yi don ruwan sha zai yi. Kawai kada ka ɗauko durom ɗin da aka taɓa zuba sinadari ko maganin feshi a ciki, ko an wanke shi sau nawa.

Malam_Gilashi

Gaskiya ne Baba. Abin da ya sa muke fifita gilashi shi ne katangun ciki. Silikon yana kama gilashi da gilashi sosai, amma ba ya riƙe roba, bayan ɗan lokaci sai katangar ta saki. In roba za a yi, gara mazubai daban-daban a haɗa su da bututu yadda kuke yi.

Ummi_Aqua

Tunda an zo maganar ciki, ga yadda nawa yake, ɗaki uku ne. Na farko inda ruwa ke faɗowa: soso mai manyan ƙofofi a sama, mai ƙanana a ƙarƙashinsa, sai audugar tacewa. Nan ne kashin kifi da ragowar abinci suke maƙalewa, kuma nan ne kaɗai nake taɓawa duk mako. Idan na ciro audugar takan fito ruwan ƙasa-ƙasa, da nauyi, ina matsawa ruwa na fita kamar kunu. Ɗaki na biyu shi ne mafi girma, na cika shi da zobban tangaran da dutsen aman wuta a cikin jakunkunan raga. Wannan gidan bakteriya ne, su ne ke mayar da amoniyan da kifi ke fitarwa zuwa nitirait, sannan nitirait zuwa nitiret wanda gubarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Ɗaki na uku inji ne kawai.

Abu biyu nake roƙon ka, Alhaji. Kada ka wanke kayan ɗaki na biyu da ruwan famfo, kulorin ɗin ciki yana kashe bakteriyan. In sun yi datti ka ɗebi ruwan akwatin a bokiti ka girgiza su a ciki. Sannan kada ka zuba kifi ranar da ka haɗa. Sabon tanki yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin bakteriyan su kafu. Ka sayi abin gwajin ruwa, sai amoniya da nitirait sun nuna sifili sannan ka fara sa kifi kaɗan-kaɗan. In kana da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, ka roƙi soso ɗaya daga filtarsa, yana rage jiran sosai.

Kuma tunda na Malawi kake so, su ruwa mai ɗan kanwa-kanwa suke so, pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, wajen 7.8 zuwa sama. Ɓawon kawa da ake sayarwa a shagon abincin kaji, a wanke shi tas a sa cikin jakar raga a ɗaki na biyu, yana taimakawa wajen riƙe shi.

Nura_Bohol

Aunty Ummi, kafin ya zuba ɓawon ya fara gwada ruwan gidansa. Ruwan burtsatse ba iri ɗaya ba ne, wani wurin da ma mai nauyi ne ba ya buƙatar ƙari, wani wurin kuma tsami-tsami yake fitowa. Ko a unguwa ɗaya sai ka ga bambanci.

Ummi_Aqua

Haka ne Nura, gwaji ne gaba da komai.

Abu_Hanan

Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Saura maganar inji. A shago an nuna min wani an ce lita 6,000 yake turawa a awa, an ce shi ya dace.

Injiniya_Bash

Lambar da ke jikin kwali ita ce abin da inji zai tura idan babu hawa ko kaɗan. Kai kuwa daga ƙasa zuwa bakin akwati kusan mita ɗaya da rabi ne, ga lanƙwasa, ga bututu, duk suna rage ƙarfinsa. Ka juya kwalin, yawanci akwai zane da ke nuna abin da yake bayarwa a kowane tsayi, shi za ka duba. Ni a ganina ruwan akwatin ya zagaya ta tankin ƙasa sau huɗu zuwa biyar a awa ya isa, wato lita 2,600 zuwa 3,250 da ke isa sama da gaske. Mai lamba 4,000 ko 5,000 zai ba ka haka.

Ka nemi irin na DC mai ɗan akwatin sarrafawa, wanda ake ƙara masa gudu ko a rage. Yana cin wuta kaɗan kuma ba shi da ƙara. Ka ɗauka yana cin wat 40: a awa 24 bai cika kilowat-awa ɗaya ba. Batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200, ko rabinsa kawai ka yi amfani da shi don kada ya lalace, zai riƙe irin wannan injin kusan kwana guda idan shi kaɗai ne a kai. Shi ya sa nake ba da shawarar a ware wa akwatin nasa layin, kada ya yi rabo da firij.

Kabiru_Mbuna

Injiniya, a nan zan saɓa maka. Kifayen Malawi, musamman masu zama cikin duwatsu, ci gare su da kashi, kuma dole a cika su da yawa don faɗansu ya ragu. Sau huɗu ya yi kaɗan, datti zai riƙa kwanciya a bayan duwatsu. Ni sau takwas nake bi.

Injiniya_Bash

Malam Kabiru, motsin ruwa a cikin akwati daban, abin da ke bi ta tankin ƙasa daban. In datti na kwanciya, a sa ɗan injin kaɗa ruwa a cikin akwatin ya taso shi ya nufi magudana, wato inda ruwa ke tsallake shamaki ya faɗa bututu. Tura lita 5,000 ta tankin ƙasa yana nufin manyan bututai, ƙarin ƙara, ƙarin cin wuta, ga zafi. Inji mai nutsewa duk zafinsa cikin ruwa yake zubawa, kuma ka san yadda Maris da Afrilu suke a Kano.

Kabiru_Mbuna

Maganar zafi na yarda. Amma sauran ban gamsu ba, nawa yana tafiya lafiya a haka kuma ruwan garau.

Maman_Ilham

Ku bar maganar inji haka, ba ku taɓo abin da zai sa uwargida ta ce a fitar da shi daga falo ba, wato ƙara. Bututu ɗaya buɗaɗɗe idan ruwa da iska suna gauraya a ciki, da dare har ɗakin kwana za a ji yana kurɓa yana gyatsa. Alhaji ka tambaya da kyau kafin a huda.

Injiniya_Bash

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma yawan ramukan da za a huda ya dogara da wannan. Akwai tsari da masu harkar ke kira Herbie, bututu biyu ne. Na farko yana can ƙasa da saman ruwa a cikin akwatin magudana, an sa masa bawul ana ɗan matse shi har ya cika da ruwa zalla babu iska, sai ya yi shiru. Na biyu yana sama da shi, a buɗe, yana jiran ranar da na farko zai toshe. Akwai kuma Bean Animal mai bututu uku, wanda ya fi kwanciyar hankali: ɗaya mai cikakken zuƙo, ɗaya mai ɗaukar ɗan ragowar, na uku busasshe don gaggawa. Ga akwati irin naka ni uku zan huda, na inci ɗaya da rabi ko aƙalla inci ɗaya, sai na huɗu na mayarwa in ba ta saman gilashi za a bi da shi ba.

Abin da ba a yi ko da wasa shi ne sa bawul a kan bututu guda ɗaya tilo a matse shi don ya yi shiru. Ganye ɗaya, dodon koɗi ɗaya, ko kifi ya mutu ya toshe bakin, ruwa ya hau. Kuma bawul ɗin ya zama mai murɗawa a hankali, ba mai hannu ɗaya da ake juyawa lokaci guda ba, wannan ba ya saituwa daidai.

Sadiq_Kd

To me ya hana a sa bawul mai hana ruwa komawa baya a bututun mayarwa? Ai sai ya kashe maganar zuƙon da aka fara da ita.

Nura_Bohol

Sadiq, aikina ne famfo, kullum ina cire su. Ƙwayar yashi ɗaya ko gansakuka ta maƙale a bakinsa, ba zai rufe ruf ba, zai riƙa ɗiga. A tankin sama na gida ɗigar ba komai ba ce, amma a nan wuta ta kwana babu, ɗigar nan za ta cika tankin ƙasa ta malala. Ka sa shi in kana so, amma ka yi lissafinka kamar babu shi. Abin da ya fi shi ne bakin bututun ya zauna dab da saman ruwa, ko a huda ɗan ƙaramin rami a jikinsa kaɗan ƙasa da saman ruwan don ya sha iska da wuri. Shi ma ramin a riƙa zura masa tsinke, yana toshewa. Kuma a sa mahaɗa mai warwarewa kusa da inji da kusa da bawul, don ranar wanki kada sai an yanka bututu.

Hauwa_Jos

Ban ga wanda ya yi maganar nauyi ba. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwan sama 650, na ƙasa sama da 100, ga gilashi mai kauri, ga yashi da duwatsu, abin zai doshi tan ɗaya. Teburin katako na falo ba zai ɗauka ba, sai mai walda ya yi na ƙarfe mai kauri, a daidaita shi da ma'aunin magina, a shimfiɗa katako da soso mai tauri kafin a ɗora gilashi. In a bene kake, ka tambayi wanda ya san ginin. Kuma a auna ƙofar teburin, tankin ƙasa ya iya shiga ya fita, a bar sarari a samansa da hannu zai shiga da jakar raga.

Sannan don Allah yara. A sa wa ƙofar makulli, ruwa ne a buɗe daidai tsayin mai rarrafe, ga wayoyin wuta. Soket ɗin wuta ya kasance a sama, ba a ƙasan tebur inda ruwa ke fantsama ba, kowace waya ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya faɗi a hanya. A sa kuma na'urar nan mai yanke wuta da kanta idan ta fara zurara.

Abu_Hanan

A ƙasa nake Hajiya, kuma ina da mai rarrafe, makulli dole ne. Yanzu dai na karkata ga hudawa. Abin da ya rage min shi ne in tabbatar da idona cewa ba zai zuba ba kafin in bar gida.

Baba_MaiTarwada

Wannan mai sauƙi ne ɗana. Ka cika na sama har ya fara zubowa, ka cika na ƙasa zuwa inda kake so, ka kunna. Idan ya daidaita sai ka zare wuta da hannunka ka tsaya a wurin da bokiti. Ka jira har ruwa ya daina sauka gaba ɗaya, ka ga inda ya tsaya. In da sauran fili, ka mayar da wuta, ka jira ya daidaita, ka sa alama da alƙalamin maka a jikin ɗakin inji. Wannan alamar ita ce iyakarka, kada ƙarin ruwa ya wuce ta. Ka maimaita har sai ka ga yana tashi da kansa ba tare da ka taɓa komai ba, don ranar da za a kawo wuta kana kasuwa.

Injiniya_Bash

A ƙara da gwaji na biyu a kan na Baba: inji na aiki, ka toshe babban bututun da hannu ka gani ko na gaggawa zai ɗauke ruwan duka shi kaɗai.

Ummi_Aqua

Akwai wani abu da zai ba ka mamaki da hunturu. Duk ruwan da iska ta shanye, ba a akwatin sama za ka ga raguwarsa ba, a ɗakin inji kaɗai yake nunawa. In ɗakin 30 da 45 ne, santimita ɗaya lita 1.35 ce kacal, don haka lita 5 ta tafi ya sauka kusan santimita 4. Kwana kaɗan inji ya fara shaƙar iska yana watso kumfa, in ba a lura ba ya ƙone. Kada a matse ɗakin inji, kuma a yi wa akwatin murfi.

Injiniya_Bash

Kuma kada a faɗaɗa shi fiye da kima, don in bututai duka suka toshe, abin da ke ɗakin nan ne inji zai kwashe ya kai sama. Mai zurfin 25 a wannan girman kusan lita 34 ne, santimita 3 da ɗoriya a akwatin Alhaji. A bar wannan tazarar tsakanin ruwa da bakin gilashi.

DanKifi_Zariya

Duk na karanta, kuma har yanzu ina nan kan kanista ga wanda ba ya son aikin famfo. Amma Alhaji in ka huda, ka sa mana hoton yadda aka jera bututan a baya, ina so in gani.

Sadiq_Kd

Malam_Gilashi, nawa da aka riga aka haɗa, in na kwashe kifin na zubar da ruwan, ana iya huda shi a tsaye ko sai an kwantar? Kaurinsa milimita 10 ne.